Ruwan Zinare a Kan Allurar Gawayi

Al'amarin ya fara ne ranar Litinin ta makon jiya, a layin gidan mai. Tun da na ajiye aikin koyarwa na yi wa kaina alkawarin cewa na gama tsayuwa a layi in ba sahun salla ba. Sai ga ni da farar safiya cikin tsohuwar motar marigayi maigidana, da jarkoki a but, motoci a gabana iya ganin ido, wasu a bayana iya ganin madubi. A jikin katangar gidan man akwai wani ƙaton allo mai hoton wani babban mutum yana murmushi, an rubuta a ƙarƙashinsa cewa wahalar mai ta zama tarihi. A matsayina na wadda ta koyar da tarihi har furfura ta fito mata, ina tabbatar wa masu karatu cewa wannan ne karon farko da na zauna a cikin tarihi har ƙafafuna suka kumbura.

Ba don kaina na je ba. Na je ne don Auta, 'yata ta ƙarshe, wadda ke karatun digirin digirgir a fannin fiziks. Tana da wani famfon zuƙe iska a ɗakin gwaji wanda bai kamata ya tsaya ba ko na ƙiftawar ido, ita kuwa wutar lantarki ta nuna ba da ita aka ƙulla wannan yarjejeniya ba. Saboda haka sai janareta, janareta kuma sai mai. Da yake Auta ba ta iya barin injin shi kaɗai, sai layin ya faɗo a kan uwarta.

Maƙwabciyata dillaliya ce ta raka ni. Ban gayyace ta ba, ƙarar motar ta ji ta fito da jakar sarƙoƙinta da 'yan kunne, ta ce ai inda mutane suka taru babu hanyar gudu nan ne kasuwa. Bayan ta zagaya layin ta dawo tana fifita da mayafi, sai ta juyo kaina.

"Malama, ni fa har yau ban gane ba. Kullum a ce yarinyar nan tana shafa wa abu ruwan zinare, amma ko zobe ban ga ta kawo miki ba. Ko dai ɓoyewa kuke yi don kada in roƙa?"

Zan maimaita wa masu karatu bayanin da na yi mata, kamar yadda Auta ta sha yi mini. Idan an ga kuskure, nawa ne.

Akwai wani sinadari da ake kira kabon, shi ne asalin gawayi da bakin fensir. Allah cikin ikonSa Ya sa ana iya samar da shi a nannaɗe kamar bututu, siriri ƙwarai, wanda sai an jera dubbai kafin su kai kaurin gashin kai guda ɗaya. Auta tana tsirar da su ne a cikin wata tanda ta musamman, a kan ɗan guntun faranti da bai kai faɗin farce ba, su miƙe tsaye kamar allurai. Idan ka duba da ido, baƙin tabo kawai za ka gani, kamar yaro ya goga gawayi. Sai ta sa guntun cikin wata tukunyar ƙarfe, famfo ya zuƙe iskar da ke ciki tas, ta haɗa da ƙarfin lantarki. Nan take ƙwayoyin lantarki, waɗanda masana ke kira ilektron, su fara tsalle daga tsinin allurar, ba tare da an zafafa komai ba. Sirrin yana wurin tsinin, domin ƙarfin lantarki a wuri mai tsini yake taruwa, kamar yadda aradu ke zaɓar abu mai tsawo da tsini. Ƙwayoyin su faɗa kan wani ɗan gilashi da ke gabansu, gilashin ya yi haske kore. Masu wannan fanni suna fatan inganta abubuwa irin su ƙaramin injin hoton ƙashi, wanda za a iya kai wa majiyyaci har gadonsa.

Tambayar Auta ita ce: me zai faru idan aka yi wa allurar shafen ƙarfe? Kowane ƙarfe da halinsa. Wani da ake kira taitaniyam yana bin jikin bututun ya kwanta luf. Zinare kuwa dunƙulewa yake yi ƙwaya-ƙwaya, kamar ruwa a kan faranti mai maiƙo. Idan shafen ya yi siriri ainun, yana iya taimaka wa ƙwayoyin su fita cikin sauƙi. Idan ya yi kauri, sai ya dakushe tsinin, ya cike tsakanin allurai, abin ya koma fili mai ƙyalli wanda ba ya fitar da komai.

Dillaliya ta kalle ni ta ce, "Wato zinaren da ba ya ƙyalli. Allah Ya kyauta. Ni in na shiga gidan mutane da irin wannan, da tsintsiya za a rako ni." Ta zaro wasu 'yan kunne da suka koɗe ta ajiye mini a cinya. "Duk da haka, in ta tashi shafawa ta haɗa da waɗannan. Ni mai kaurin nake so."

Sai bayan azahar aka cika mini jarka ɗaya, aka ce ɗayar sai wani jiƙon. Na sauke dillaliya, na wuce makarantar su Auta.

Ɗakin gwajin Auta ɗan ƙuƙut ne, a ƙarshen wani dogon baranda. A tsakiya tukunyar take, da 'yar taga zagayayya kamar idon kifi, wayoyi sun fito mata ta ko'ina. A ƙasa famfon yake, yana tuk-tuk-tuk, yana ɗan warin mai. A gefe akwai benci da filo, inda 'yar da na haifa take kwana alhali tana da gado a gidan ubanta. A kusurwa kuma ga tandar da ake tsirar da bututun, an lulluɓe ta da leda, domin ta mutu tun bara, kuma har yanzu ana kan hanyar zuwa gyara ta.

Wannan ya sa guntun da ke cikin tukunyar shi ne na ƙarshe. Sauran ta gama da wasu, wasu kuma sun ƙone lokacin da aka ɗauke wuta famfo ya tsaya, iska ta shiga ta cinye musu tsini. Wannan na ƙarshen shi ne mai siririn shafen zinare, kuma awon da ya rage mata shi ne ta bar shi yana aiki ba tsayawa har zuwa Juma'a, don a ga ko zai jure. Masu jarraba ta za su zo ƙarshen wata. Idan wannan guntu ya lalace, babu tandar da za ta ba ta wani, kuma babu awon da za ta nuna.

Na tarar da baƙo. Kafin in gan shi na ji turarensa tun daga baranda. Matashi ne fes-fes, waya a kowane hannu, a gefensa Farfesa, malamin Auta, dattijo siriri mai yawan ba da haƙuri. Aka gabatar mini da baƙon a matsayin mai tsara ziyarar wani babban mutum da zai zo ranar Alhamis. Babban mutumin ba zan faɗi muƙaminsa ba, domin muƙaman suna da yawa kuma shafin nan ƙarami ne. Zan kira shi Mai Girma Mai Almakashi, tunda duk lokacin da na gan shi a hoto kintinkiri yake yankawa. Allah Ya ƙara wa almakashin kaifi.

"An sanar da mu akwai zinare a nan," in ji Mai Tsara.

"Akwai, Yallaɓai," in ji Auta. "Yana kan allurar."

Ya duƙa ya leƙa ta idon kifin, ya daɗe. "Ni baƙi nake gani."

"Haka ya kamata. Idan ka gan shi da ido, to ya yi yawa."

Ya ɗago ya dube ta kamar ta zage shi da wani yare. "Ƙanwata, ki fahimce ni. Mai Girma da 'yan jarida zai zo. Kina so a wayi gari a ga hoton Mai Girma yana nuna gawayi da yatsa? Me jama'a za su ɗauka? Ga abin da za a yi. Ki fitar da shi, ki shafa masa zinare sosai, ya riƙa ɗaukar ido, ki mayar. Mai Girma ya danna maɓalli, zinare ya ƙyalla, haske ya fito, a tafa, kowa ya kama gabansa."

"Ba sa haɗuwa, Yallaɓai. In ya ƙyalla ba zai yi haske ba. Dokar abin ce haka."

"Wace doka? Wa ya sa mata hannu? Ba ni lambarsa."

Na sunkuyar da kai na yi tasbihi a zuci, domin Wanda ya kafa wannan doka ba Ya cikin waɗanda ake kira a waya a ce su ɗan sassauta.

Farfesa ya yi gyaran murya ya ce, ko za a sami wani guntun faranti wanda babu komai a kansa, a shafa masa zinare a ajiye a gefe don masu hoto, a kuma faɗi ko mene ne. Mai Tsara ya dafe ƙirji da wayoyinsa biyu. "Na bogi? A gaban Mai Girma? Haba Farfesa!" Ya zama wajibi in yaba a nan. A zamanin da ake kukan ƙarancin masu gaskiya, ga bawan Allah da bai yarda a nuna wa maigidansa abin bogi ba, ya gwammace a kashe na gaskiya a nuna masa gawar.

Daga nan ya sassauta murya, ya ja Farfesa zuwa taga, ya nuna masa wata wayar lantarki da ta bi ta bayan ginin. Kowa a makarantar ya san ta. Ita ce layin da ba a ɗauke wa wuta, wadda ke tafiya masaukin manyan baƙi, inda take juya wani famfon ado mai feshin ruwa, tana kuma sanyaya ɗakunan da babu kowa a ciki. Tsakaninta da ɗakin gwajin bai wuce tsawon igiyar shanya ba.

"Idan Mai Girma ya ji daɗi," in ji Mai Tsara, "kalma ɗaya ce. Kun rabu da janareta ke nan."

Farfesa ya bi wayar da kallo. Tun Auta tana ajin farko yake neman wannan waya.

Da yamma Farfesa ya karɓi gadin injin don Auta ta zo gida ta yi wanka. Ta zauna a falo da abinci a gabanta tana juya cokali. Dillaliya ta shigo bin sawun 'yan kunnenta, ta ji labari, nan take ta warware matsalar.

"Ke ma dai da ɗora wa kai. Ki shafa musu, ki ɓoye ɗan ƙwan tocila a baya. Ya danna, ki danna. Wa zai sani?"

"Ni zan sani, Gwaggo."

"To sai ki yi shiru!"

Ba zan ɓoye wa masu karatu ba, ƙafafuna da ke cikin ruwan ɗumi a lokacin suna goyon bayan wayar lantarkin ne. Auta ta ajiye cokalin ta ce, "Mama, ba tocilar ce ta dame ni ba, wannan ba zan yi ba. Amma in na buɗe tukunyar nan kafin Juma'a, duk wahalar da na sha ta tafi. In kuma na ƙi, wataƙila na hana ɗakin wuta. Waɗanda za su zo bayana wayar ta fi musu amfani a kan digirina. Kin ga Farfesa bai ce mini komai ba, shirun nasa ne ya fi yi mini nauyi."

Na ce, "Ke ce mai awo a gidan nan, ki auna. Allurar kin gan ta tana aiki. Ita wayar a bakin mutum take. Kin taɓa ganin sun zo ziyara sun tafi ba su bar alkawari ba? Nawa ne a ciki ya taɓa kunna ko da ƙwan fitila?"

Ta tashi ta shiga ɗaki ta yi magariba, ta ɗan jima a kan sallaya. Da ta fito ta cinye abincin tas, ta ce ba za ta buɗe tukunya ba. Har ta kai ƙofa sai ta waiwayo. "Mama, ranar Alhamis kina da wani uzuri?"

Kafin ranar, makarantar ta koma kamar an aiko da sabuwa. Aka yi wa gine-gine fenti ta fuskar da ke kallon titi, bayan kuwa aka bar shi da halinsa, domin Mai Girma ba ya zagayawa. Aka kawo furanni na haya a tukwane. Da labari ya bazu cewa zinare ne taken ziyarar, sai wani mai hikima ya sayo fenti mai launin zinare, aka bi duk abin da ba ya motsi aka shafa masa: hannun ƙofa, ƙarfen baranda, kwandon shara, har da tukunyar kashe gobara. Masu fentin sun shiga ɗakin gwajin za su shafa wa famfon ma, sai da Auta ta rungume shi ta ce sai dai a haɗa da ita. Abin da ya fi burge ni shi ne tankar mai guda da ta shigo don babban janaretan da zai juya fankokin rumfar taron. A garin da ake rantsuwa babu mai. Ashe allon nan bai yi ƙarya ba, wahalar ta zama tarihi, mu ne dai ba mu iso babin ba.

Uzurin da Auta ta nema a wurina mai sauƙi ne. Mai Tsara ya ji cewa ba za a shafa ba, ya sha mur, ya ce to aƙalla za a kashe famfon nan na ɗan lokaci, don ƙararsa tana shiga makirfo, kuma dandamalin jawabi a jikin tagar ɗakin aka kafa shi. Ita kuma an umarce ta da ta tsaya a layin masu tarba a waje. Saboda haka ɗaki zai zama babu kowa, makunnin famfon kuma yana jikin bango, a buɗe ga duk mai yatsa.

Na sa tufafina na fita unguwa, na ɗauki carbina, na je da wuri. Na jawo kujerar roba na ajiye ta daidai gaban makunnin, na zauna na jingina.

Ana fara gwada makirfo sai ga wani saurayi da kati rataye a wuya. Ya duba bango, ya dube ni, ya rusuna.

"Mama, ina wuni. Don Allah ki ɗan matsa."

"Lafiya lau, ɗana. Ba zan matsa ba."

"Minti biyu kawai, Mama. Umarni ne daga sama."

"Ni ma daga can nake karɓar nawa, amma ina jin ba bene ɗaya muke nufi ba."

Ya sosa ƙeya ya fita. Ba a jima ba turaren nan ya sanar da ni wanda ke tafe.

"Hajiya, wa ya kawo ki nan?"

"Ni na kawo man da ke cikin ƙaramin janaretan can. Na zo in ga an ƙone shi a kan abin da na saye shi dominsa."

"Kin san da wa kike magana?"

"Na sani. Da ɗan mutane, wanda na tabbata an koya masa ba a ɗaga tsohuwa daga kujera."

Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya lura da wani mai hoto da ya leƙo ta ƙofa yana gyara kyamara. Na ga lissafin yana gudana a fuskarsa: ga tsohuwa, ga carbi, ga kyamara. Ya saki murmushi har kunne, ya ɗan duƙa kusa da ni aka ɗauke mu tare, ya ce mini a hankali, "Kin cuce ni, Hajiya," ya fita.

Haka na saurari jawabin ta taga, famfo yana ba shi kiɗa. Za mu, tuk-tuk. Nan ba da jimawa ba, tuk-tuk. Ba za mu yi ƙasa a gwiwa ba, tuk-tuk-tuk. Na halarci jawabai da yawa a rayuwata, ban taɓa jin wanda ya sami rakiyar wani abu mai aiki ba sai wannan.

Da aka gama, sai ɗakin ya cika maƙil. Adalci ya sa in faɗi cewa Mai Girma ya gaishe ni gaisuwa ta mutunci, kuma kusa da kusa na ga mutum ne mai gajiya a ido, wanda aka yini ana ja daga wannan kintinkiri zuwa wancan. Auta ta nemi a saki labule, a kashe fitila. Ta ce ba sai an danna komai ba, abin yana aiki tun kwanaki. Ɗaki ya yi duhu. A cikin idon kifin sai ga ɗan haske kore, bai fi maɓallin riga ba, a tsaye cak, ba ya rawa.

Kowa ya matso kusa. Mai Girma ya duƙa, ya dafa gwiwa.

"Wannan daga baƙin abin nan yake fitowa?"

"E, ranka ya daɗe."

"Kuma babu wuta a ciki? Ba ya zafi?"

"Ba a zafafa shi, ranka ya daɗe. Tsini ne kawai."

"Ikon Allah," in ji shi, kuma na rantse a muryarsa na ji wani yaro da ya taɓa zama a aji yana son darasi. Auta ta fara yi masa bayanin injin hoton ƙashi, yana gyaɗa kai. Ana cikin haka masu hoto suka fara walƙa fitilunsu, suka yi ƙorafin cewa ba abin da ke fita sai baƙin gilashi. Wani ya kunna fitilar ɗaki. Hasken ya ɓace wa ido. Mai Tsara ya matso ya yi raɗa, Mai Girma ya miƙe ya duba agogo, ya koma Mai Girma.

"To ina zinaren da aka ce?"

"Yana kai, ranka ya daɗe. Kaɗan ne ƙwarai."

Ya juya ga na bayansa, ya ɗaga murya yadda makirfo zai ɗauka. "A ƙara mata! Ba za a ce a zamaninmu an yi wa ilimi rowa ba."

Aka tafa har da ni, don hannu ya riga hankali. Wajen fita ya kama hannun ƙofar nan da aka yi wa fenti, aka ce ya tsaya haka, aka ɗauka. Washegari wannan hoton na gani a jarida, an rubuta cewa Mai Girma yana duba sabuwar fasahar shafen zinare. Ban ga laifin mai rubutun ba. A duk ginin, hannun ƙofar ne ya fi kama da abin da aka yi musu alkawarin gani.

Ranar Juma'a da la'asar awo ya cika. Allurar ta jure. Ina zaune a kan bencin lokacin da Auta ta adana sakamakon, ta rage ƙarfin lantarkin sannu a hankali har hasken ya mutu, ta yi hamdala a fili. Farfesa ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, ya daɗe yana gogewa fiye da yadda tabarau ke buƙata.

Ba mu gama murna ba turaren ya dawo. Wannan karon Mai Tsara da fara'arsa ya shigo, har da tambayata ƙafa. Ya ce wani babba ne zai zo mako mai zuwa, wanda shi kansa Mai Girma Mai Almakashi yake miƙewa idan ya shigo. An yi nazari, an gano cewa hasken ba shi da amfani tunda ba ya fita a hoto, saboda haka an yafe shi. Ƙyalli kawai ake buƙata. Kuma maganar a ƙara zinare yanzu ba shawara ba ce, umarni ne, kowa ya ji da kunnensa.

"Wayar fa?" in ji Farfesa.

"Ana duba yiwuwarta."

Ni dai na san wannan yiwuwa. An daɗe ana duba ta a ofisoshi da yawa, kuma ina mata fatan samun lafiya, domin duk abin da aka daɗe ana dubawa haka ba ƙaramin ciwo yake fama da shi ba.

Auta ta ce masa ta ji. Ya tafi yana amsa wayoyi biyu a lokaci guda. Na bari sai da turaren ya bi shi, sannan na ce, "Kin ji me? Yanzu allurar da na kumbura ƙafa a kanta, na yi gadin bango a kanta, ita za ki dulmiya musu?"

Tana naɗe waya a hannu, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Awon da nake buƙata na gama shi, Mama. Na mai kauri ne ban taɓa yi da hannuna ba, don ban taɓa samun guntun da zan iya sadaukarwa ba. Yanzu na samu, da umarni ma. Zan shafa masa yadda suka ce, in mayar da shi tukunya, in auna abin da zai fito kafin in ba su. Ko sifili ne zan rubuta shi a babin ƙarshe, in gode wa wanda ya ba da shawarar. Duk babban da ya tambaye ni kuma zan gaya masa ba ya aiki. Gobe da safe zan shafa."